Wa Ya Fara? Tarihin Gasar Manyan Manhajojin Kwamfuta

Duk wanda ya saba ratsa majalisun shayi na matasanmu a Nima ko Madina ko Aboabo ya san musun nan da ba ya ƙarewa. Mai riƙe da iPhone yana cewa duk abin da ke cikin Android kwaikwayo ne. Mai Tecno ko Samsung kuma yana rantsuwa cewa abin da Apple ke shelantawa bana a matsayin sabo, su sun shekara biyar suna amfani da shi. Idan aka dace da ɗalibin jami'a a wurin, sai ya ƙara wa wutar itace da cewa dukansu biyu a ɗaure suke, 'yanci yana wajen Linux. Mun sha zama muna saurare ba tare da mun tsoma baki ba, amma musun ya sa muka koma muka bi diddigin lamarin. Sai muka tarar ya girmi masu yin sa da shekaru masu yawa, har kotu ya taɓa kaiwa a Amurka. Muka kuma tarar da abin da ya fi jan hankalinmu, mu da aikinmu rubuta wasiƙu da adana takardu ne: kusan duk wata mararraba a wannan tarihi, takardar yarjejeniya ce ta yanke wanda zai ci gaba da wanda zai tsaya, ko da kuwa wanda ya tsaya ya fi basira.

Da farko mu daidaita kan abin da ake nufi da babbar manhaja. Na'ura ƙarfe ce da wayoyi da gilashi, ba ta san komai ba. Manhajojin da muke taɓawa kullum, irin su WhatsApp ko Word, baƙi ne a cikinta. Babbar manhaja ita ce maigidan da ke saukar da baƙin, kamar yadda masu masauki a zangunanmu na da suke yi wa fataken goro da shanu. Ita ke ba kowa ɗaki a ma'adanar na'ura, ita ke tsara wanda zai yi aiki yanzu da wanda zai jira, ita ke ajiye kaya, ita kuma ke shiga tsakanin baƙo da allon rubutu ko kyamara. Windows da macOS da Linux da Android da iOS duk irin waɗannan masu gida ne.

Tushen mafi yawansu yana komawa zuwa shekarar 1969, a cibiyar binciken Bell Labs ta kamfanin tarho na AT&T da ke jihar New Jersey. Cibiyar ta yi shekaru tana aiki tare da jami'ar MIT da kamfanin General Electric a kan wata gagarumar manhaja mai suna Multics, aikin ya yi nauyi, ta janye. Biyu daga cikin ma'aikatanta, Ken Thompson da Dennis Ritchie, suka ɗauki wata tsohuwar na'ura samfurin PDP-7 da ba mai damuwa da ita, suka gina ƙaramin tsari mai sauƙi wanda daga baya aka kira Unix. A 1973 suka sake rubuta shi da harshen C, wanda Ritchie ya ƙirƙira. Wannan babban abu ne, domin kafin nan babbar manhaja takan zama a ɗaure da irin na'urar da aka rubuta ta dominta, idan na'urar ta tsufa manhajar ta bi ta kabari. Da harshen C kuwa ana iya ɗauke Unix daga wannan na'ura a dasa a waccan.

Amma basirar Thompson da Ritchie kaɗai da ba ta fitar da Unix daga New Jersey ba. Tun a 1956 gwamnatin Amurka ta ɗaure AT&T da wata yarjejeniyar kotu wadda ta hana shi shiga kasuwancin da ba na sadarwa ba, saboda ya riga ya mamaye harkar tarho. Don haka ba shi da ikon sayar da Unix yadda ake sayar da haja. Sai ya riƙa ba jami'o'i a kan kuɗi kaɗan, har da asalin rubutun manhajar, wato abin da masu ƙira suka rubuta da hannunsu, wanda kowa zai iya karantawa ya gyara. A Ostareliya wani malami, John Lions, ya rubuta sharhi a kan wannan rubutu layi bayan layi domin ɗalibansa. Da AT&T ya hana yaɗa sharhin, ɗalibai suka ci gaba da kwafarsa daga hannu zuwa hannu har tawada ta dusashe, kamar yadda muka san ana yi da littafin da ya yi wuyar samu. A jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley kuwa, ɗalibai irin su Bill Joy suka yi ta ƙari har suka fitar da nasu reshen mai suna BSD, wanda a 1983 ya zo da ƙa'idojin sadarwar da intanet ke tafiya a kansu har yau. Wato hukuncin da aka yanke domin a takura kamfanin tarho shi ya zama sanadin da ilimin ya bazu.

Unix ta wancan lokaci baƙin allo ce da rubutu. Sai ka haddace umarni ka buga shi daidai, harafi ɗaya ya kuskure ba abin da zai motsa. Taga da ƙananan hotuna da linzamin da ake ja a kan tebur daga wani gida suka fito. Douglas Engelbart ne ya nuna linzamin a bainar jama'a a San Francisco ranar 9 ga Disamba 1968. Bayan shekara biyu kamfanin Xerox, mai injinan kwafar takardu, ya buɗe cibiyar bincike a Palo Alto, kuma a 1973 masu bincikenta suka haɗa na'urar Alto. Tana da linzami, tana da tagogi, abin da ka gani a fuskarta shi zai fito a takarda. A wannan cibiya ce aka ƙirƙiro Ethernet mai haɗa kwamfutoci a ofis guda, a nan kuma aka kammala injin buga takarda na leza. Idan tambayar matasanmu ita ce wa ya fara, to ga amsar, kuma ba mu taɓa jin ɗaya daga cikinsu ya ambaci sunan ba.

Shugabannin Xerox suna can gabashin ƙasar, hankalinsu na kan takarda da tawada. Ba su sayar da Alto a kasuwa ba. Da suka fito da Star a 1981, kuɗinta ya haura dala 16,000, kaɗan suka saya. Kafin nan, a Disamban 1979, sun riga sun buɗe wa Steve Jobs da injiniyoyin Apple ƙofar cibiyar suka ga komai, a madadin damar sayen hannun jarin Apple na dala miliyan ɗaya kafin kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari. Masu cewa Jobs sata ya yi sukan tsallake wannan. Ciniki ne aka yi, sai dai ɗaya ɓangaren bai san darajar abin da ya bayar ba.

Adalci kuma ya sa a faɗi cewa Apple bai tsaya a kwafa ba. Linzamin Xerox mai maɓalli uku ne, mai tsada, mai saurin lalacewa. Apple ya mai da shi mai maɓalli ɗaya, mai arha, wanda zai yi aiki a kan kowane tebur. Jerin umarnin da ke saukowa daga saman allo, da jan fayil da linzami a jefa shi cikin jaka ko kwandon shara, a hannun injiniyoyin Apple suka ɗauki siffar da muka sani. Bill Atkinson ya warware yadda tagogi za su hau kan juna cikin sauri a ƙaramar na'ura, Susan Kare ta zana ƙananan hotunan da suka sa allon ya yi fara'a. Gwajin farko, Lisa ta 1983 a kan dala 9,995, ya faɗi. Macintosh ta fito ranar 24 ga Janairu 1984 a kan dala 2,495. A ganinmu wannan ma ƙirƙira ce ta gaske. Wanda ya haƙa rijiya yana da lada, amma wanda ya ɗaure bakinta ya sa guga har yaro ya iya ɗiban ruwa bai yi ƙaramin aiki ba.

Yayin da ake wannan a Kalifoniya, an riga an sa hannu a takardar da za ta mallaki shekaru ashirin masu zuwa. A 1980 kamfanin IBM yana gaggawar fito da ƙaramar kwamfuta, yana neman babbar manhaja. Wadda ke tashe a lokacin ita ce CP/M ta Gary Kildall. Tattaunawa da kamfanin Kildall ta cije, da farko a kan takardar rufe sirri da IBM ya gabatar, sannan a kan yadda za a biya kuɗi. Sai IBM ya koma wajen Microsoft, wanda a lokacin ba shi da irin wannan manhaja ko kaɗan. Bill Gates da Paul Allen suka nemo wata mai suna 86-DOS, wadda Tim Paterson ya rubuta a wani ƙaramin kamfani a Seattle yana bin fasalin CP/M, suka biya dala 25,000 na izinin amfani, daga baya suka ƙara 50,000 suka mallake ta ɗungurungum. Kwamfutar IBM ta fito a Agustan 1981. Mai saye yana iya zaɓar DOS a kan dala 40 ko CP/M a kan dala 240, kuma ba sai an faɗi wadda jama'a suka zaɓa ba.

Babu wani masani da ya taɓa cewa DOS ta zo da sabon ilimi. Abin da ke sabo yana cikin yarjejeniyar: Microsoft ya riƙe haƙƙin sayar da manhajar ga duk wani mai ƙera na'ura, bai mallaka wa IBM shi kaɗai ba. IBM ya yarda domin yana ganin riba a ƙarfe take. Ba a jima ba Compaq da wasu suka gano yadda za su ƙera na'ura mai aiki daidai da ta IBM ba tare da karya doka ba, masana'antun Taiwan suka biyo baya, farashi ya yi ta faɗuwa. Masu ƙera ƙarfe suka shiga yanka wa juna riba, amma kowace na'ura da ta fita sai ta biya Microsoft. Mai gada ba ruwansa da wanda ya yi riba a kasuwar ƙetare, kowa ya haye ya biya.

Gates ya ma rubuta wa shugabannin Apple wasiƙa a 1985 yana ba su shawarar su ba wasu kamfanoni izinin amfani da manhajar Macintosh. Suka ƙi. A Nuwamban wannan shekara Windows ta farko ta fito, rarrauna, tagoginta ba sa ko hawa kan juna. Andy Hertzfeld, ɗaya daga cikin injiniyoyin Macintosh, ya ba da labarin ranar da Jobs ya kira Gates ya zarge shi da sata, Gates ya amsa da cewa su biyun suna da maƙwabci mai arziki mai suna Xerox, shi ya shiga gidan zai ɗauke talabijin sai ya tarar Jobs ya riga shi. A wannan Nuwamba ne kuma John Sculley, wanda ke shugabantar Apple bayan an ture Jobs, ya sa hannu a takardar da ta ba Microsoft izinin amfani da wasu siffofin fuskar Macintosh, domin Apple na matuƙar buƙatar Word da Excel. Da Windows ta fara kama da Macintosh sosai, Apple ya kai ƙara a 1988, ya lissafa abubuwa 189 da ya ce an kwafa. Kotu ta duba takardar Sculley ta ce 179 daga ciki an riga an ba da izininsu, sauran kuma mafi yawa ra'ayoyi ne da ba mai iya mallaka. Ɗaukaka ƙara ta ƙare a 1994 ba tare da Apple ya samu abin da yake nema ba. Ana cikin haka Xerox ya farka ya kai Apple ƙara a 1989, aka yi watsi da ita. Ihu bayan hari.

A nan ya kamata mu yi wa Microsoft adalcin da masu raina shi ba sa yi. Gaskiya ne Windows 3.0 ta 1990 da Windows 95 sun zo da abin da masu Macintosh suka daɗe da sani. Gaskiya ne kuma ƙaramar na'urar Amiga tun 1985 tana gudanar da ayyuka da yawa lokaci guda cikin tsarin da ya fi na su biyun, amma kamfaninta, Commodore, ya durƙushe a 1994. Sai dai aikin da Microsoft ya ɗauka wani iri ne mai wahala wanda ba ya ƙyalli. Apple yana rubuta manhaja domin na'urorin da shi ya ƙera, ya san kowane ƙusa a cikinsu. Microsoft kuwa dole manhajarsa ta yi aiki a kan dubban na'urori daga ɗaruruwan masana'antu, kuma manhajar da ɗan kasuwa ya saya shekara goma da suka wuce ta ci gaba da buɗewa. Domin wannan ya ɗauko Dave Cutler daga kamfanin DEC, ya gina sabon tushe mai suna NT wanda ya fito a 1993, kuma a kansa Windows ke zaune har yau. Kwamfutocin gwanjo da aka riƙa saukewa a tashar Tema, waɗanda suka cika shagunan intanet da ofisoshin buga takardu inda yawancinmu muka fara taɓa linzami, wannan haƙurin ne ya sa suke aiki. Macintosh ta fi kyau, amma ba ita ta iso gare mu ba. Ƙarfin ya kai Windows ta riƙe fiye da kashi 90 cikin ɗari na kwamfutocin tebur, har gwamnatin Amurka ta gurfanar da kamfanin a 1998 bisa zargin danne abokan gasa.

Apple kuwa ya kusa mutuwa. Manhajarsa ta tsufa, ƙoƙarin sabunta ta ya ci tura. A ƙarshen 1996 ya sayi NeXT, kamfanin da Jobs ya kafa bayan korarsa, a kan fiye da dala miliyan 400. Manhajar NeXT a kan BSD aka gina ta tare da ƙwayar Mach ta jami'ar Carnegie Mellon, kuma a kan na'urar NeXT ne Tim Berners-Lee ya rubuta manhajar farko ta shafukan yanar gizo a cibiyar CERN a 1990. Daga ita aka samu Mac OS X a 2001, daga wannan kuma aka yanko manhajar iPhone a 2007. A 1997 ma Microsoft ne ya zuba dala miliyan 150 a Apple, aka rufe sauran rigingimun kotu. Saurayin da ke ɗaga iPhone a majalisa, jikan Unix ta Berkeley yake ɗagawa.

Saura na ukun, wanda ɗalibin jami'a ke kare wa. A 1984 aka tarwatsa AT&T, tsohon takunkumi ya faɗi, kamfanin ya samu damar sayar da Unix da tsada ya kuma rufe rubutunta. Richard Stallman na MIT ya riga ya shelanta a 1983 cewa zai gina madadinta kyauta mai suna GNU. Ya rubuta kayan aiki da yawa, amma a ganinmu mafi girman abin da ya rubuta takarda ce, lasisin GPL na 1989. Sharaɗinta shi ne kowa na iya ɗauka, ya karanta, ya gyara, har ya sayar, amma duk wanda ya rarraba abin da ya gyara dole ya buɗe rubutun gyaran ga kowa. Ya ɗauki dokar haƙƙin mallaka, wadda aka yi domin rufewa, ya juya ta ta zama mai tilasta buɗewa.

A Agustan 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta ƙwayar babbar manhaja don nishaɗi. Ba sabon fasali ya kawo ba, halayen Unix ya bi ba tare da ɗaukar rubutunta ba. Andrew Tanenbaum, malamin jami'a a Amsterdam wanda Torvalds ya yi koyi da manhajarsa Minix, ya fito fili a farkon 1992 ya ce tsarin Linux tsohon yayi ne tun ranar haihuwarsa. Ta fuskar ilimi yana da hujja. Amma a wannan shekarar Torvalds ya mai da Linux ƙarƙashin GPL, kuma a wannan shekarar ce aka kai masu BSD kotu kan zargin riƙe rubutun AT&T, shari'ar da ba ta ƙare ba sai 1994. Shekara biyun nan da BSD ta yi cikin shakku su suka ba Linux fili. Dubban masu rubutu suka shigo, daga baya manyan kamfanoni irin su IBM suka zuba dukiya, domin kowa ya tabbata abokin gasarsa ba zai iya kwashe aikin ya kulle ba. A kan tebur Linux ba ta taɓa yin rinjaye ba, ko da Ubuntu da ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya fito da ita a 2004 domin sauƙaƙa ta. Amma rumbun manhajoji da ake saukewa da umarni guda, masu Debian sun san shi shekaru kafin App Store na 2008. Kuma tun Nuwamban 2017 duk kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya Linux suke amfani da ita. Microsoft, wanda shugabansa Steve Ballmer ya kwatanta ta da ciwon daji a 2001, ya sanya hanyar gudanar da manhajojinta cikin Windows a 2016.

Da gasar ta koma cikin aljihu sai tarihin 1981 ya maimaita kansa. Nokia da Symbian ne ke mulki, BlackBerry na hannun manya. iPhone ta zo a 2007 da allon da ake sarrafawa da yatsu, ta sa duk sauran suka zama tsofaffi a dare ɗaya. Google, wanda ya sayi ƙaramin kamfanin Android a 2005, ya sake fasalin aikinsa ya bi wannan hanya, ya fito a 2008 a kan ƙwayar Linux. Daga nan aron ya zama ta kowane ɓangare. Jawo sanarwa daga saman allo Android ta fara, iPhone ta ɗauka a 2011. Jera manhajojin da ke buɗe kamar katuna daga webOS ta kamfanin Palm aka gani a 2009, kamfanin ya mutu, dabarar ta rayu a wajen su biyun. Layi biyu a waya guda, wanda ɗan kasuwar da ke tsakanin Kumasi da iyaka ya daɗe da ɗauka dole, bai shiga iPhone ba sai 2018. Nokia ya rungumi Windows Phone a 2011, manhajar da masana suka yaba wa tsarinta, amma masu rubuta ƙananan manhajoji ba su zo ba, Microsoft ya sayi sashen wayoyin Nokia, kuma zuwa 2017 ya haƙura.

Abin da ya sa Android ce a hannun mafi yawanmu shi ne Google ya ba masu ƙera waya ita ba tare da kuɗin lasisi ba. Wannan ya ba kamfani irin Transsion na Shenzhen, mai Tecno da Itel da Infinix, damar ya bar wahalar rubuta babbar manhaja ya mai da hankali kan abin da kasuwar Afirka ke so: batir mai jimiri, layi biyu, kyamarar da ke fito da baƙar fata yadda take, da farashin da talaka zai iya. Sai dai kyautar tana da igiya. Mai son Play Store da taswira da YouTube a wayarsa sai ya sa hannu a wata takardar daban, kuma a kan irin waɗannan sharuɗɗa Tarayyar Turai ta ci Google tarar yuro biliyan 4.34 a 2018. A 2019 kuma, da gwamnatin Amurka ta sa wa Huawei takunkumi, sababbin wayoyinsa suka rasa manhajojin Google duk da cewa asalin Android a buɗe yake.

Akwai wata takarda guda da ba ta cikin musun matasa, alhali ita ta fi shafar wannan rubutu da kuke karantawa. Tsarin haruffan ASCII na shekarun 1960 gurbi 128 kawai gare shi, an yanka shi daidai da Turanci. Kowane kamfani ya riƙa cusa ƙarin haruffa ta hanyarsa, don haka rubutun da aka yi a wannan na'ura sai ya zama shirme a waccan. Mun ɗanɗana wannan. Mun taɓa buga takardar gayyata da wani salon haruffa na musamman mai ƙugiya, muka kai wani shago a fitar, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai ga ƙananan akwatuna. Muka cire ƙugiyoyin gaba ɗaya don sauri, sai baƙi suka koma baki, ƙasa ta koma kasa, muka zauna da biro muna mayar da su ɗaya bayan ɗaya.

Maganin ya faro ne a 1987, lokacin da Joe Becker na Xerox da Lee Collins da Mark Davis na Apple suka fara tsara lamba guda ga kowane harafi na kowane harshe. A 1991 aka kafa ƙungiyar Unicode, abokan gaba suka zauna a tebur ɗaya, har da Microsoft da IBM, a daidai lokacin da shari'ar Apple da Microsoft ke gaban alƙali. Tun farkon shekarun 1990 haruffan ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa, suka samu lambobinsu. Windows NT ta ginu a kan Unicode tun fitowarta. A 1992 kuma Ken Thompson, wanda muka fara da shi, tare da Rob Pike, suka tsara UTF-8, hanyar da ta sa sababbin haruffa suka zauna lafiya da tsofaffin manhajoji, kuma da ita ake rubuta fiye da kashi 90 cikin ɗari na shafukan intanet a yau. Amma samun lamba daban, samun maɓallin da za a danna daban. An yi shekaru kafin harafin ya sauka ƙarƙashin yatsa. Android ta yarda a sauya allon rubutu da na wani kamfani tun 2009, iPhone ba ta yarda ba sai 2014, kuma wannan ƙaramin bambanci ya fi taɓa mai rubuta Hausa fiye da yawancin abin da ake shelantawa a bukukuwan fito da sababbin wayoyi.

Ajami kuwa ya fi jira. Siffofin fa da ƙaf da nun irin na rubutunmu na Afirka sun shiga Unicode a 2016, wasu haruffan da Hausa ke buƙata sai a 2020. Akwai salon haruffa mai suna Alkalami da aka zana bisa hannun Kano, amma ba ya zuwa a cikin wayar da aka saya a kasuwa, ko iPhone ce ko Android, sai mutum ya nema ya sa da kansa. Har yanzu idan dattijo ya rubuto wasiƙa da ajami za a aika wa dangi a Tamale ko Lome, hotonta muke ɗauka mu tura ta WhatsApp.